Hatimin da Ya Juya: Jagora ga Mai Tara Sulalla Masu Karkataccen Bugu

Duk kwandalar da ta taɓa ratsa hannunka, tsakanin hatimai biyu na ƙarfe aka buga ta. Ɗaya yana kafe a mazauninsa, ɗaya yana zuwa ya danna da nauyin tan masu yawa, fallen ƙarfen da ba shi da zane yana tsakiya, zobe ya kewaye shi don kada ya baje. Bugu ɗaya ake yi, fuska da baya su fito tare. Injinan manyan gidajen buga kuɗi na yau suna yin wannan har sau 750 a minti ɗaya. A irin wannan gudu, idan hatimi ɗaya ya goce ya juya a mazauninsa, kafin ma'aikaci ya farga an riga an zubo sulalla da dama waɗanda bayansu bai yi daidai da fuskarsu ba. Su ne abin nemanmu a nan.

A cikin kurakuran gidan buga kuɗi babu mai sauƙin nema kamar wannan, domin yatsu biyu da ido sun isa a fara. Amma kuma babu wanda sabon shiga ke yaudarar kansa da shi kamarsa. Mutum zai juya kwandala ya ga bayanta kai ƙasa, ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali haka aka buga miliyoyin 'yan'uwanta da gangan. Wani kuma zai riƙe ta gasken, bai duba ba, ya kashe ta a shago. Aikin duka awo ne da ƙirga. A ganina ƙirgar ta fi awon muhimmanci, domin ita ce za ta faɗa maka ko abin da ke hannunka yana da wuyar samu.

Ka fara sanin zaman da aka nufa

Ƙasashe ba iri ɗaya suke jera hatimansu ba. Tsari biyu ne. Riƙe kwandala da babban yatsa da manuni, ɗaya a samanta ɗaya a ƙasanta, fuskarta tana tsaye daidai, sannan ka juya ta gefe, daga dama zuwa hagu. Idan bayan ya fito a tsaye, wannan shi ne zaman lamba, domin haka ake buga lambar yabo da ake ratayawa a wuya, ta yadda ko ta juya a ƙirji zanenta ba zai kife ba. Idan kuwa bayan ya fito kai ƙasa, ba zai miƙe ba sai ka riƙe ta ta gefe biyu ka tuntsurar da ita daga sama zuwa ƙasa, to wannan shi ne zaman tsaba. A littattafan masu tara kuɗi ana nuna su da kibau biyu: na farko duka suna kallon sama, na biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Amurka zaman tsaba take bi. Ingila ta yau da Kanada da ƙasashen da ke kashe yuro zaman lamba suke bi. Faransa ta daɗe a kan zaman tsaba har ta shiga yuro a 2002. Suwizalan kuwa a tsakiyar tafiya ta sauya: sulallanta daga rabin faran zuwa faran 5 suna zaman tsaba har 1981, daga 1982 suka koma zaman lamba. Wanda ya riƙe na shekarun nan biyu bai san tarihin ba zai rantse ɗaya kuskure ce, kuma duka biyun lafiyarsu lau.

Kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959, wato ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka, al'adar Ingila suka bi, haka ma kobo-kobon da suka zo tare da naira a 1973. Amma wanda ke Maraɗi ko Damagaram da sefa a aljihu kada ya auna ta da ma'aunin kobo, domin an daɗe ana buga ta a Faransa. Hanyar da ba ta ɓata ita ce ka tara goma ko fiye na ƙasa ɗaya, daraja ɗaya, shekara ɗaya, ka juya su duka. Yadda mafi yawansu suka zauna shi ne asali. Wadda ta saɓa ita za ka ware.

Akwai kuɗaɗen da wannan magana ba ta shafe su ba sam. Tsofaffin dinare da dirhami da guduma aka buga su, maƙeri yana riƙe da hatimin sama a hannunsa, don haka sau da yawa baya yana fuskantar inda ya ga dama. Masana sukan rubuta kusurwarsa a matsayin bayani, ba a matsayin kuskure ba. Kada wani ya ɗora maka farashi a kan dirhami wai don bayansa ya karkace.

Abin da ke sa hatimi ya juya

Gindin hatimi kewayayye ne. Don kada ya yi yawo, akan goge gefe ɗaya na gindin ya zama shafaffe, a ɗaure shi da noti a daidai wurin. Matsala tana zuwa ta hanya biyu, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin sanin ƙaranci. Ta farko, tun wajen ɗaurawa aka yi kuskure: ma'aikaci ya sa hatimin a karkace, ko an goge gindin a gurbin da bai dace ba. A nan duk kwandalar da ta fito daga wannan hatimi kusurwa ɗaya za ta nuna, kuma za a ci gaba da buga ta haka har wani ya lura ko hatimin ya tsufa. Hatimi ɗaya kuwa yana iya buga dubban ɗaruruwan sulalla kafin a sauke shi. Ta biyu, an ɗaura shi daidai, amma girgizar inji ta kwance notin, hatimin ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. A nan za ka tarar da kusurwoyi iri-iri daga hatimi ɗaya, wannan digiri 40, waccan 95, wata 160.

Daga kallon kwandala kaɗai da wuya ka ce hatimin fuska ne ya juya ko na baya, tunda sakamakon ɗaya ne. Masu tarawa sun daidaita a kan tsayar da fuska, a auna baya.

Yadda ake awo

Kayan aikin kaɗan ne: kwalin adana kwandala mai faɗin inci 2 da tsawon inci 2 wanda ke da taga ta leda a tsakiya, ma'aunin kusurwa irin na akwatin lissafin 'yan makaranta, fensir, madubi, gilashin ƙara girma mai ninka abu sau goma, da sikeli irin na masu gwal wanda ke nuna kaso ɗaya cikin ɗari na giram.

Sa kwandalar a cikin kwalin, ka tsayar da fuskarta sak. Nan ne wurin da ake yawan tafka kuskure, domin idan fuskar ta karkace da digiri biyar, awonka duka ya karkace da biyar. Kada ka dogara da kan sarki ko na sarauniya, don mai zane yakan ɗan sunkuyar da shi da gangan. Nemi abin da ke kwance sosai, kamar lambobin shekara, ko abin da ke tsaye a tsakiya, kamar kambin da ke saman hudar kwabon 1959. Mafi kyau ka ajiye lafiyayyar kwandala irinta a gefe ka daidaita su. Rufe kwalin, ka ja layi da fensir a tsakiyar samansa da ƙasansa, gaba da baya. Sai ka juya kwalin ta hanyar da ta dace da ƙasar, gefe idan zaman lamba ce, tuntsure idan zaman tsaba ce. Lafiyayyar kwandala za ta nuna maka baya a tsaye.

Idan bai tsaya ba, duba inda saman zanen ya nufa, ka karanta shi da fuskar agogo, yadda masana tsofaffin kuɗi suke yi. Ƙarfe 12 shi ne daidai. Kowace awa digiri 30 ce, kowane minti digiri 6. Ƙarfe 3 digiri 90 ne bin hannun agogo, ƙarfe 9 digiri 90 ne saɓanin hannun agogo, ƙarfe 6 kuwa 180, wato cikakken kifewa. Babu juyin da ya wuce 180. Wanda ya ce maka tasa ta juya digiri 270, ta juya 90 ne ta ɗaya ɓangaren, ya faɗi babbar lambar don ta cika kunne. Bayan kimantawa da agogo sai ka ɗora ma'aunin kusurwa ka sami ainihin adadin. Buɗe kwalin ka sake ɗaurawa ka sake aunawa, domin kwandala takan zame a ciki. Rubuta adadin da ɓangaren da ta juya a jikin kwalin nan take.

Tsofaffin kuɗinmu masu huda suna da wani tarko nasu. Anini da ɗari da kwabo na Afirka ta Yamma ta Ingila, waɗanda aka fara buga wasunsu tun 1907, da ɗari da kwabon 1959, tauraro mai tsini shida ne a bayansu. Irin wannan tauraro ko an juya shi digiri 60, ko 120, ko 180, kamanninsa ba sa sauyawa. Mai duba tauraron kaɗai zai wuce babban juyi bai gani ba. Shekara da rubutun da ke kewaye za ka bi.

Hujja ga wanda ba ya wurin madubi ne. Tsayar da kwandalar a gabansa ka ɗauki hoto ɗaya da zai nuna fuska a zahiri, baya kuma a cikin madubin. Hotuna biyu dabam-dabam ba su tabbatar da komai, tunda kowa yana iya karkata kwandala kafin ya ɗauka. Ka tuna madubi yana juya dama ta koma hagu, kuma lafiyayyar kwandala mai zaman tsaba kai ƙasa za ta fito a cikinsa.

Sai maganar iyaka. Kowane gidan buga kuɗi yana yafe wa kansa 'yar karkata, don haka a kuɗin zamani abin da bai kai digiri 15 ba yawancin masu tarawa ba sa kiransa kuskure. Daga 45 ido yake fara kamawa ba tare da awo ba. Na 90 da na 180 su aka fi so, don ana ganinsu nan take kuma suna da kyau a nuna.

Abubuwan da suke kama da shi, da na jabu

Idan zanen gefe ɗaya ya matsa zuwa baki, bakin ya yi kauri a nan ya yi siriri a can, hatimi ne ya goce gefe, ba juyawa ya yi ba. Idan duka gefen biyu sun matsa tare har wani ɓangare ya zama fili, fallen ne bai zauna a tsakiya ba. Kowanne kuskure ne mai zaman kansa. Rubutun da ke jikin baki kuwa, irin na fam 2 na Ingila ko dalar shugabannin Amurka da aka fara a 2007, a wani inji dabam ake yin sa, kwandala tana shiga ta kowace fuska ta zo. Don haka ganinsa kai ƙasa ba kuskure ba ne, kusan rabinsu haka suke. Mutane da yawa sun biya kuɗi a kan wannan a banza.

Jabu iri biyu ne suka fi yawa. Na farko, a rarake kwandala ɗaya a bar baki da fuska, a goge wata ta zama siririya a cusa ta ciki a karkace. Masu wasan dabo ma da irinta suke aiki. Duba cikin baki da gilashi, za ka ga siririn layin haɗi yana kewayawa. Ɗora ta a sikeli: kwatar Amurka ta yau giram 5.67 ce, santi 5 giram 5, santi 1 daga bayan 1982 giram 2.5, fam 2 na Ingila giram 12. Wadda aka haɗa da wuya ta dace da nauyin. Ƙararta ma takan mutu, ba ta yin amo idan an ɗan taɓa ta a kan yatsa. Na biyu ya shafi sulalla masu ƙarfe biyu, irin fam 2 ɗin nan ko naira 1 da naira 2 na 2007. Ana iya danna tsakiyar ta fita, a juya ta a mayar. Gane shi ba wuya: a juyi na gaske, zobe da tsakiya na gefe ɗaya sun dace da juna, gefen ne gaba ɗayansa ya saɓa wa ɗaya gefen. Idan tsakiya ce ta saɓa wa zobenta gaba da baya, hannun mutum ne ya yi aikin.

Auna ƙaranci

Nan ne gundarin aikin. Tambaya ta farko: a wane zamani aka buga ta? A ƙarni na 19 hatimai sukan kwance sosai. Santi 2 na Amurka na 1864, wanda aka buga kusan miliyan 20, sananne ne da juyi, har cikakken kifewa ana samu ba tare da wahala ba, don haka ƙarin da ake biya a kansa ba shi da yawa. Amma dalar azurfa da aka buga a Denba a 1989 don cikar Majalisar Dokokin Amurka shekara 200, wadda aka yi wa masu tarawa musamman kuma ake duba ta kafin ta fita, wasu kaɗan daga cikinta sun fito da zaman lamba maimakon zaman tsaba, kuma ana nemansu ruwa a jallo. Duka biyun digiri 180 ne. Abin da ya raba su shi ne yawan waɗanda suka tsere wa masu dubawa. Saboda haka, da ka gama awo, ka ajiye adadin digirin gefe, ka tambayi kanka ko irin wannan kuɗi ya saba da juyi.

Tambaya ta biyu: nawa aka buga, kuma kaso nawa ne ya juya? Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne fam 2 na Ingila na 2015 mai hoton Biritaniya, macen nan mai kwalkwali da mashi mai baki uku. Guda 650,000 kacal aka buga don kashewa, adadin da tun asali kaɗan ne. Sai aka fara ganin wasu da kan Sarauniya ya juya kimanin digiri 150. Gidan buga kuɗin Ingila ya ce kusan tabbas hatimi ne ya kwance ya juya yayin bugu. Masu tarawa da suka bincika tarin sulallan suka kimanta ɗaya cikin 200 ce ke da juyin, wato wajen guda 3,250. Lura da yadda aka kai ga lambar: an ɗauki samfuri, an fitar da kaso, an ninka da jimillar bugu. Kai ma haka za ka yi. Idan ka duba guda 400 na shekara ɗaya ka sami biyu, ɗaya cikin 200 ke nan.

Sai dai wannan lissafi yana da rauni da dole ka sani. Sulallan da suka fito daga inji ɗaya a buhu ɗaya suke tafiya, su sauka a gari ɗaya. Idan samfurinka daga buhu ɗaya ne, kana iya samun talatin masu juyi ka ɗauka abin ya cika duniya, ko ka rasa ko ɗaya ka ɗauka babu. Samfurin kirki shi ne wanda aka tattaro daga hannuwa da garuruwa dabam-dabam, a lokuta dabam-dabam. Kuma adadin da aka buga ba shi ne adadin da ya rage ba. An narkar da wasu, an huda wasu don ado, ƙasa ta cinye wasu.

Tambaya ta uku ita ce wadda ƙwararru ke ɓata lokaci a kanta, kuma ta cancanta: hatimi nawa ne suka juya? Kowane hatimi yana da tabonsa, 'yar tsaga kusa da harafi, ɗigon ƙarfe a gefen lamba, ƙarcen gogewa a fili. Jera masu juyin da ka samu ka duba su da gilashi. Idan duka suna da tabo ɗaya da kusurwa ɗaya, hatimi ɗaya ne aka ɗaura a karkace, kuma yawansu ba zai wuce abin da hatimi ɗaya ke iya bugawa ba. Idan tabo ɗaya ne amma kusurwoyi sun bambanta, noti ne ya kwance. A nan kada ka ce ta digiri 73 ita kaɗai ce a duniya don ba ka ga wata mai 73 ba. Dangi ɗaya ne, a dunƙule ake ƙirga su. Idan kuwa tabo iri-iri ne, to sakaci ne da ya yawaita a gidan bugun a wannan shekara, kuma abin da ya yawaita ba ya tsada. A kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila ka haɗa da duba ƙaramin harafin gidan bugu: H na kamfanin Heaton ne, KN na King's Norton, duka a Bamingam, marasa harafi kuma na gidan buga kuɗin gwamnati ne a Landan. Shekara ɗaya, harafi dabam, lissafi dabam.

Wani lokaci ma kusurwar shaida ce a kan tarihin kwandala. Dalar azurfa ta Amurka da Christian Gobrecht ya zana, ta 1836 zuwa 1839, an kasa ta zama huɗu: a duba ko zaman tsaba ce ko zaman lamba, sannan a duba ko gaggafar da ke baya tana tashi sama ko tana tafiya a miƙe. Da wannan masana ke ƙoƙarin raba bugun asali da wanda aka sake yi daga baya, kuma har yau suna muhawara a kai. Ina son wannan misali don yana nuna cewa awon da mutum ke yi da fensir a ɗakinsa shi ne dai awon da manyan masana ke yi.

Idan ana son faɗin ƙaranci da lamba, ma'aunin da aka fi sani shi ne na William Sheldon, wanda ya fito da shi a 1949 don tsofaffin santi na Amurka. Matakai takwas ne. R-1 abin da aka san fiye da 1,250 nasa, R-4 daga 76 zuwa 200, R-5 daga 31 zuwa 75, R-6 daga 13 zuwa 30, R-7 daga 4 zuwa 12, R-8 kuwa ɗaya zuwa uku. A wannan ma'auni fam 2 ɗin nan na 2015, duk da sunan da ya yi, yana matakin farko ne. Ka kuma lura cewa waɗanda aka sani ake ƙirgawa. Kuɗin da mutane da yawa suka daɗe suna bincika, lambarsa abin dogaro ce. Wanda ba a cika dubawa ba, R-7 ɗinsa yana iya zama R-3 ranar da wani ya buɗe tsohon buhu.

Ƙaranci dabam, farashi dabam. Abu yana iya zama uku kacal a duniya, idan masu nemansa biyu ne ba zai yi kuɗi ba. Abin da ya ɗaga fam 2 ɗin nan shi ne dubban mutane a Ingila suna tara irinsa. Yanayin kwandalar ma yana da nasa kaso: wadda ba ta taɓa yawo ba ta fi wadda ta goge nesa ba kusa ba. Kamfanonin tantancewa na Amurka, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, suna duba kwandala su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta a roba, su rubuta juyin a jiki idan an nema kuma ya kai. Amma kuɗin aikawa da na tantancewa sukan fi darajar kwandala mai ƙaramin juyi, don haka a bar wannan ga wadda ta cancanta. Wajen sanin farashi kuwa, abin da aka saya a gwanjo za ka duba. Abin da mai kaya ya sa wa kayansa a intanet buri ne kawai.

Adanawa

Kada ka wanke. Toka, lemun tsami, yashi, man goge ƙarfe, duk suna cinye fatar kwandala, kuma ƙwararre da kallo ɗaya zai gane, daraja ta faɗi. Ta baki ake riƙe ta, ba ta fuska ba. Guji leda mai laushi irin ta PVC, domin da zafi takan fitar da wani kore mai danƙo da ke cin tagulla. Kwali ko roba mai tauri sun fi, a wuri busasshe, musamman da damina. A jikin kowane kwali rubuta ƙasa, daraja, shekara, harafin gidan bugu, nauyi, digiri da ɓangaren juyi, da inda ka samo ta. Ka kuma rubuta guda nawa ka duba kafin ka same ta. Mutane suna manta wannan, alhali shi ne ke ba sauran bayanan amfani. Wanda ke Nijeriya ya sani cewa dokar Babban Banki ta 2007 ta hana lalata kuɗin naira da cinikinsu, don haka a yi hattara da waɗanda ke kan aiki.

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da gwangwani ko tsohuwar jaka da aka zuba anini da kwabo da sule aka manta. Idan akwai a naku, fito da su, ka kasa su shekara-shekara da harafi-harafi, ka juya kowanne, ka rubuta nawa ka duba da nawa suka saɓa, ko da babu ko ɗaya. Sannan ka nemi wani mai tarawa a wani gari ku haɗa lissafinku.